Mabuɗin Yaya Lawan

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo kuna cewa na tsani Lawan, ku yi haƙuri, ba ni na kai shi masaƙar Alhaji Isyaku ba, ƙafarsa ce ta kai shi. Ke kuma da kika ce in na sa Hansatu kuka ba za ki yafe mini ba, to ki gyara zama.

*

Ɗan acaɓan bai gama taka burki ba Hansatu ta dire a ƙofar masaƙar, jakar kwamfutarta na dukan kwankwasonta. Maigadi bai tsaya gaisuwa ba, ya nuna mata bene da haɓa.

"An fara?" ta tambaye shi.

"Liman ya hau tun da aka idar da azahar. Da Alƙur'ani a hannunsa."

Ta nufi benen da sauri.

A shekarar nan ta 2006 masaƙun Sharada a Kano mutuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya, atamfar waje ta cika kasuwar Kwari. Ta Alhaji Isyaku ce ke ta numfashi sama-sama, abin da ya riƙe ta kuwa zanen Baba Idrisu ne, tsohon da ke zana musu adon atamfa. Al'adar gidan ita ce, in tsohon ya gama zane a saka shi a kwamfuta, Lawan yayan Hansatu ya kulle da mabuɗin sirri, Alhaji ya ƙone takardar da hannunsa don kada masu kwaikwayo su gani. Haka aka yi da zanen babbar Sallah, wanda shi ne na ƙarshe kafin Allah ya karɓi ran Baba Idrisu.

Daga baya Lawan ya yi cacar baki da manaja, ya tattara ya koma wani kamfanin roba a Challawa. Wuta kuma ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone tsohuwar kwamfutar. Zanen ya tsira a faifai, amma a kulle. Aka ɗauki Hansatu ta haɗa sabuwar manhaja, aka aika wa Lawan ya ba da mabuɗi, ya bayar. Aka buga, allo ya cika da tarkacen haruffa marasa kai da gindi.

Tun daga nan magana ta zama ɗaya a bakin kowa, wai Lawan mabuɗin ƙarya ya bayar don ya rama. Yau Alhaji ya ce a yi ta ta ƙare: ya dafa Alƙur'ani ya rantse, a sake gwadawa, in bai buɗe ba a miƙa shi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai.

Ma'aikata sun yi cirko-cirko a kan matakala, kowa ya miƙa wuya. Ta ratsa su ko sannu ba ta ce ba.

Tun daga bakin ƙofa ta jiyo muryar Malam Abdullahi, limamin masallacin masaƙar.

"Lawan, kai ɗan gidan malamai ne, ba sai na gaya maka ba. Wannan Littafi ba a wasa da shi. In akwai abin da ka ɓoye faɗe shi yanzu, kunyar duniya ta fi sauƙi."

"Allah gafarta Malam, mabuɗin da na bayar shi ne mabuɗin. Ko sau goma aka ce in rantse zan rantse."

Yana tsaye a tsakiyar ofis, hannun rigarsa a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya rame. Tausayinsa ya kama ta. Wannan shi ne mutumin da ya fara ɗora yatsunta a kan kwamfuta, shi ya tsaya gaban Babansu a Panshekara ya ce a bar ta ta yi jami'a.

Ya ɗaga hannun dama.

"Yaya, kada ka dafa!"

Kowa ya juyo gare ta. Sai ga dariyar Mustapha, manajan masaƙar, ɗan ƙanin Alhaji, mutumin da ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba ko da saura a bayanta.

"Alhaji kun ji ko? Ƙanwarsa ma ta san abin da ake ciki. Tana tsoron kada Alƙur'ani ya ci shi."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa gefen teburin Alhaji Isyaku, wanda ke zaune yana jan carbi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ranku ya daɗe, ku gafarce ni na shigo babu sallama. Ba don ƙarya zai yi na hana shi ba. Ko ya rantse ba zai buɗe ba. Sai a ce ya yi rantsuwar ƙarya, alhali gaskiya ya faɗa."

Alhaji ya dakatar da carbin.

"Mabuɗi na gaskiya, amma ba zai buɗe ba?"

"Eh, ranku ya daɗe."

"Ke kika haɗa sabuwar manhajar nan ko?"

"Ni ce."

"To yi mini Hausa, 'yar nan. Ni a Kwari na tashi, ba a makaranta ba."

Duk abin da ta tsara a kan acaɓa ya watse, sai da ta lumshe ido ta tattaro shi.

"Manhajar kullewa ba ta ɗaukar zane gaba ɗaya ta kulle. Yanka shi take yi gunduwa-gunduwa, ta hautsina kowace gunduwa da mabuɗin. In za a buɗe, dole a yanka daidai inda aka yanka da farko."

"Ina jin ki."

"Tawa tana yanka harafi sha shida-sha shida. Ba ta san wani awo ba bayan wannan, haka masu ita suka tsara. Ta Yaya kuwa talatin da biyu take yankawa. Kamar ku ce an naɗe atamfa yadi goma sha biyu, wani ya zo da almakashi yana datsawa a yadi shida, yana juya kowane rabi, sannan ya ce zanen bai haɗu ba."

Malam Abdullahi ya ce, "Ikon Allah."

Mustapha ya yi tsaki.

"Alhaji, kada ta ruɗa ku da lissafi. Ranar da ta zo da manhajar nan da bakinta ta ce mana ita ce ake ji da ita a duniya, AES ko me? Ta ce irin ta Lawan ce, gida ɗaya suka fito."

"Gida ɗaya suka fito," in ji Hansatu. "Hanyar hautsinawar ɗaya ce. Awon ne ya bambanta, ni kuma ban duba ba. Na ɗauka tun da asalinsu ɗaya, abin da wannan ta kulle waccan za ta buɗe."

"Sai yau da za a kai yayanki Bompai kika tuna?"

"Sai yau na gani."

"Me kika gani?" Alhaji ne ya tambaya, a hankali.

"Girman fayilolin da ke faifan, da na kwafe a takarda ranar da aka gwada. Na zauna da safe ina kallonsu don na rasa abin yi. Na raba na farko da talatin da biyu, ya rabu babu saura. Na biyu haka. Har na ƙarshe, babu wanda ya bar ko ɗaya. Ranku ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza."

Alhaji ya juya ga Lawan.

"Haka ne?"

Lawan ya sauke hannunsa. Maimakon fuskarsa ta washe, sai ta ga ya ƙara tsuke ta.

"Zai iya yiwuwa. An daɗe. Lokacin da na haɗa, na zaɓi awon da ya fi girma, a zatona shi ya fi ƙarfi." Ya dube ta ta gefen ido. "Hansatu, bar shi kawai. Bari in rantse kowa ya huta."

"Haba Yaya! Ka rantse a gwada ya ƙi, a fita da kai a gaban mutanen nan? Da wane ido Baba zai zauna gaban ɗalibansa gobe?"

"Na ce ki bar shi."

Ta san halinsa. Lawan gara ya kwana da yunwa da a ce ƙanwarsa ce ta cece shi. Ta share shi, ta zuge jaka ta fito da kwamfutarta.

"Daga shagon intanet nake. Na samo wata manhajar da ke bari mutum ya zaɓi awon da kansa. Ban gwada ba, don mabuɗin yana hannunku. Ku ba ni dama sau ɗaya."

"Sau ɗaya," in ji Mustapha. "Kowa ya ji."

Alhaji ya dakatar da shi da hannu.

"Ba ta faifan. Kai kuma Lawan, zo ka buga da hannunka, kada a ce wani ya yi kuskure."

Faifan ya shiga yana ƙara kamar ana niƙa. Hansatu ta saita awo a talatin da biyu, ta zaɓi fayil na farko, ta matsa gefe. Lawan ya sunkuya. Yatsunsa da ta saba gani suna gudu a kan madannai yau ɗaya-ɗaya suke sauka. Ya gama ya koma baya.

Ta yi bisimilla ta danna.

Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da jan rubutu.

"Me ya ce?" in ji Malam Abdullahi.

Hansatu ta karanta.

"Ya ce... bai karɓi mabuɗin ba."

Mustapha ya tafa hannu.

"Shi ke nan! Ramin ƙarya ƙurarre ne. Manhaja ta ɗaya ta ƙi, ta biyu ta ƙi, sai a kawo ta uku? Alhaji, in kira direba?"

Daga matakala aka fara ƙus-ƙus. Wani ya ce, "Dama mun faɗa." Hansatu ta sunkuya kan allon. Ta ƙura wa jan rubutun ido, ta karanta shi kalma-kalma kamar mai haddar allo.

Bai ce mabuɗin ba daidai ba ne. Tsawonsa ya ce bai dace ba.

"Yaya, harafi nawa ne?"

Ya kau da kai.

"Yaya Lawan, don girman Allah, harafi nawa ne mabuɗin?"

"Ashirin da ɗaya," ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

Ta dafe kai. Ashirin da ɗaya! Wato sabuwar manhajar masaƙa, wadda ba ta ɗaukar mabuɗin da ya wuce harafi sha shida, datse biyar ɗin ƙarshe ta riƙa yi tana zubarwa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ga awo ba daidai ba, ga mabuɗi guntule. Da ta buɗe ma ai da abin ya zama sihiri.

"Ranku ya daɗe, saura abu ɗaya."

"An ce sau ɗaya," in ji Mustapha.

"Manaja, ka bari in gama mana! In ya ƙi, ni ma a haɗa da ni a kai Bompai."

Ba ta san ta ɗaga murya haka ba sai da ta ji ta dawo mata daga bango. Alhaji ya dube ta, ya ɗan karkata kai.

"Gama."

"Mabuɗi tsayi uku ne kawai ake karɓa: sha shida, ashirin da huɗu, ko talatin da biyu. Ta Yaya mai kawaici ce, in ka ba ta wanda bai kai ba sai ta cike gurbin da sifiri ta yi shiru. Wannan kuwa ba ta cikawa, ƙi take yi. Ashirin da ɗaya, saura uku ya kai ashirin da huɗu."

Ta buɗe inda ta rubuta umarnin, ta ƙara layi guda wanda zai cike gurbin da sifiri. Ta yi kuskure ta goge ta sake.

"Yaya, sake bugawa."

Bai motsa ba.

"Lawan," in ji Alhaji.

Ya zo ya buga.

Ta danna. Faifan ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake ƙara. Babu jan rubutu. Allon ya yi fari fat.

Sai launi ya fara saukowa daga sama, layi-layi.

Shuɗi mai duhu irin na rinin baba. Ganyen tsamiya cikin ruwan goro, suna zagaye kamar iska ta kaɗa su. A gefe kuma ga ƙananan zabbi a jere, kowace ta waiwayo tana kallon ta bayanta. Hannun Baba Idrisu ne, ko makaho ya shafa zai gane.

"Allahu Akbar!" in ji Malam Abdullahi.

Kabbarar ta sauka matakala, ta bi ta har tsakar masaƙa. Wani dattijo mai kula da injin rini ya leƙo ya ga allon, ya fashe da kuka yana kiran sunan mamacin. Mustapha ya koma jikin taga yana danna wayarsa kamar wani ya kira shi.

Hansatu ba ta san lokacin da hawaye suka zubo mata ba. Daɗi ne ya cika ta har tana jin jiri. Ta juya ga yayanta tana dariya tana kuka.

"Ka gani ko, Yaya? Na san ba za ka yi ƙarya ba. Wallahi ko minti ɗaya ban taɓa zarginka ba."

Lawan yana kallon ƙasa.

Alhaji Isyaku kaɗai ne bai yi kabbara ba. Ya jawo kwamfutar gabansa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana bin zabbin nan da ido.

"Mustapha, rufe ƙofa."

Aka rufe. Hayaniyar waje ta koma nesa.

"Hansatu, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Zauna. Ina da tambaya, ki ba ni amsa yadda kika saba, ba kwana-kwana."

"To, ranku ya daɗe."

"Mabuɗin nan yana hannun Mustapha tun da aka karɓo shi. Da shi kaɗai zai iya buɗe zanen nan a sabuwar kwamfuta?"

"A'a. Ko shekara zai yi yana bugawa."

"In ya kai faifan wani shago a gari fa?"

"Sai mai shagon ya san awon, ya kuma san yadda tsohuwar manhajar ke cike mabuɗi. In ba haka ba tarkace zai gani, irin wanda muka gani."

"Ke fa? Kafin yau?"

"Ni ma ban iya ba. Ai kun gani."

"Wato mabuɗi kaɗai bai isa ba."

"Bai isa ba. Sai an haɗa da tsohuwar manhajar, ko wanda ya san cikinta."

"Kafin kwamfutar can ta ƙone, wa ke taɓa ta?"

"Yaya ne kaɗai," ta faɗa da alfahari. "Shi ya haɗa ta tun daga tushe. Babu wanda..."

Maganar ta maƙale.

Alhaji ya miƙe, abin da ba ya yi da sauri saboda gwiwa. Ya je ga kabad ɗin ƙarfe da ke bayan kujerarsa, ya buɗe, ya ɗauko turmin atamfa sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Ya kama bakinsa ya warware shi a kan tebur da irin girgizawar 'yan Kwari, ya rufe takardu, ya rufe waya, ya zubo har ƙasa.

Shuɗi mai duhu. Ganyen tsamiya cikin ruwan goro. Zabbi a jere, kowace ta waiwayo.

Yadin shara-shara ne, rinin bai kama sosai ba, kana gani ka san daga jirgin ruwa aka sauke shi. Amma zanen bai bar ko ɗigo ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Abdullahi.

"Shekaranjiya na saye shi a Kwari," in ji Alhaji. "Dila-dila ake saukewa. Mu ko abin bugawa ba mu sassaƙa ba, mata sun fara kai wa tela." Ya shafa yadin da bayan hannu. "Takardar da Idrisu ya zana a kai, ni na ƙone ta. Shi kuma yana kabari, Allah ya ji ƙansa. Na kwana ina zargin ɗan ƙanina, don shi ke riƙe da faifai da mabuɗi. Ban san yadda zan bambance ba. Yanzu ke kin bambance mini."

"Ranku ya daɗe, ba haka nake nufi ba..."

"Na sani, 'yata. Gaskiya kika faɗa."

Mustapha ya bar jikin taga. Wannan karon bai yi dariya ba, shi ma jikinsa ya yi sanyi da jin inda zargi ya kwana.

Hansatu ta dubi allon, ta dubi yadin. Da hannunta ta yi wannan. Ita ta ratso rana daga shagon intanet, ita ta raba lissafi, ita ta ɗaga wa manaja murya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ta danne shi. Akwai bayani. Dole akwai bayani. Lawan ne fa.

Alhaji ya koma ya zauna, ya ɗauki carbinsa.

"Malam, rantsuwar farko ta faɗi, mabuɗinsa na gaskiya ne, na yarda. Ga ta biyu. Ya dafa ya ce zanen nan bai fita ta hannunsa ba, bai buɗe wa kowa ba, bai ba kowa ba. In ya rantse, wallahi ni da kaina zan raka shi Panshekara in ba mahaifinsa haƙuri a gaban ɗalibai."

Malam Abdullahi ya warware Alƙur'anin daga gafakarsa, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Lawan, alwalarka na nan?"

"Tana nan."

"To bisimilla."

Hansatu ta matso kusa da shi har tana jin numfashinsa.

"Yaya, dafa. Dafa mu tafi gida."

Bai dube ta ba.

"Yaya Lawan, ai ɗazu ka ce ko sau goma ne. Wannan ɗaya ce tak. Dafa mana!"

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Ya dubi Littafin da ke gabansa, ya dubi ƙanwarsa.

Sai ya mai da hannayensa biyu baya, ya harɗe su.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "wannan kam ba zan iya ba."